Sa Sunana In Sa Naka: Fashin Baƙi Kan Amana a Mujallun Ilimi

Cikin watan Afrilu ne, lokacin da fankar ofis a Sakkwato ke hura wuta maimakon iska, wani abokin aikina ya yi sallama ya ja kujera. Muka gaisa, muka taɓa zancen zafi da tsadar mai, sannan ya sauke murya.

"Malam, ka san bana ni ka neman ƙarin girma, takardu biyu sunka rage mini. Wagga da kaka shirin turawa, don Allah ka sa sunana. In tawa ta hito, ni ma in sa naka."

Bai ɗauki maganar a matsayin laifi ba, kuma na san dalili. A wurinsa taimakon juna ne, irin na adashe: yau ka zuba mini, gobe in zuba maka. Duk wanda ya yi koyarwa a jami'a ko kwaleji a ƙasar nan ya taɓa jin wannan roƙo, ko ya taɓa yin sa. Don a gane abin da ke cikinsa, sai an fara sanin mece ce mujallar ilimi da kuma abin da take sayarwa.

Idan mai bincike ya gama aikinsa, yakan rubuta maƙala ya tura wa editan mujalla. Edita ya duba, in ta dace da fagen mujallar ya aika wa masana biyu ko uku su yi mata bita, galibi ba tare da marubucin ya san su wane ne ba, kuma galibi ba a biyan su ko sisi. Su nuna gyara, ko su ce a buga, ko su ce a yi watsi da ita. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, masu bitar nan ba sa zuwa ɗakin gwaje-gwajen marubuci, ba sa zuwa ƙauyen da ya ce ya tattaro bayanai. In ya ce ya auna jinin akuya 300 a kasuwar Achida, ko ya zanta da manoman albasa 200 a fadamar Goronyo, yarda kawai suke yi. Suna duba ko hanyar da ya bi ta yi ma'ana, ko lissafinsa ya tafi daidai, ko abin da ya yanke ya fito daga alƙaluman da ya nuna. Amma cewa akuyoyin sun wanzu, wannan amana ce tsakaninsa da Ubangijinsa.

Mu a garin nan bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Tun kafin a san wani abu wai shi mujalla, malamanmu suna da isnadi da ijaza. Imamu Muslim ya kawo maganar Abdullahi ɗan Mubarak a gabatarwar Sahihinsa cewa isnadi yana cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Malam Abdullahi na Gwandu ya zauna ya rubuta Ida'un Nusukh don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta gaban kowane. Malaman hadisi kuwa har suna suka ba wanda ke ɓoye wanda ya ji magana daga bakinsa, ko ya nuna kamar ya ji daga wanda bai ji ba: mudallisi. Sunayen da ke saman maƙala da jerin manazarta da ke ƙarshenta isnadin zamani ne. Mai sa sunansa a aikin da bai taɓa ba yana cewa duniya "na ji, na gani, na shaida", alhali ko karanta takardar bai yi ba.

Editocin mujallun likitanci da suka fara haɗuwa a birnin Bankuba na Kanada a 1978, waɗanda yanzu ake kira ICMJE, sun tsara sharuɗɗa huɗu da sai mutum ya cika su duka kafin a kira shi marubuci. Ya sa hannu sosai wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya shiga rubutun ko gyaransa na haƙiƙa, ya amince da kwafin ƙarshe, sannan ya yarda zai amsa tambaya in an sami matsala a aikin. Na huɗun nan shi ne wanda masu "sa sunana" ke mantawa. Ranar da aka gano alƙaluman ƙarya ne, ba a tambayar wa ya zauna gaban kwamfuta, duk sunan da ke sama sai ya sha.

Abin yana da fuska ta biyu, wadda ta fi ci mini rai. Ɗalibi ya yi shekara uku yana wahala a kan kundinsa, ya sayar da ragon gida ya sayi sinadarai, sai a wayi gari an ciro maƙala uku daga kundin, sunan shugaban sashe a farko, na wani abokin mai duba aikin a biyu, shi ɗalibin a ƙarshe, in ma an tuna da shi. Ba zai iya magana ba, don wanda zai kai wa ƙara shi ne zai sa hannu a takardar kammalawarsa. "Allah gafarta Malam, duk yadda kuka yi daidai ne," shi ke nan. Haka ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje da ya kwana yana duba samfur, da matar da ta bi gida-gida cikin kulle tana yi wa mata tambayoyi saboda namiji ba zai shiga ba. Sau da yawa ko a sakin layin godiya ba a ambatar su.

Masana ɗa'ar bincike sun ware manyan laifuka uku: ƙirƙirar bayanan da ba a tattara ba, murɗe waɗanda aka tattara don su ba da amsar da ake so, da satar aikin wani. A makarantunmu na ukun kawai muke bi da gudu, shi ma ta hanyar da ta koma wasan lamba. An kawo manhajar Turnitin mai auna kamannin rubutu da na wasu, an ce kada kamanceceniya ta wuce kashi kaza cikin ɗari, sai kowa ya koma neman yadda zai sauko da lambar. Je ka shagunan buga takardu da ke bakin ƙofar kowace babbar makaranta, za ka sami yaron da sana'arsa ke nan: ka ba shi aiki mai kashi 60, ya juya kalmomi ya mayar maka da shi kashi 12. Tunanin na wani ne har yanzu, an dai sauya masa riga. Manhajar kuwa kamannin jimloli take gani, ba ta san niyya ba. Tana iya ja wa mai gaskiya layi saboda ya kawo aya ko baitin waƙa da ɗaruruwan mutane suka kawo kafin shi, ta kuma wanke wanda ya ɗauko kundin Larabci ko na Hausa daga ɗakin karatu ya fassara shi zuwa Turanci daga bango zuwa bango.

Laifin farko, wato ƙirƙira, babu manhajar da muke da ita da ke kama shi, kuma shi ya fi kisa. Na taɓa wucewa ta ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro a wata makaranta da ba zan ambata ba, na ga samari uku da tulin takardun tambayoyi a kan benci. Biro uku ne a hannun kowane, shuɗi da baƙi da ja, suna sauyawa don kada rubutun ya yi kama. Ɗaya yana cewa, "Wanga mu sa shi mace, shekara 40, ɗiya bakwai." Suna dariya. Binciken kan shayar da jarirai ne a wata ƙaramar hukuma da ko motar zuwa can ba su shiga ba. Na san inda irin wannan ke ƙarewa: ya zama kundi, kundi ya zama maƙala, wani jami'in lafiya ko wata ƙungiyar agaji ta ɗauko ta a intanet ta ce bincike ya nuna kaza a jihar Sakkwato, a tsara shiri a kai.

Kada a ɗauka cutar tamu ce mu kaɗai. Wani likitan sa barci ɗan Japan, Yoshitaka Fujii, ya shafe kusan shekara 20 yana buga gwaje-gwajen da bai yi ba. Wanda ya tona shi wani likita ne a Ingila, John Carlisle, wanda a 2012 ya tattara alƙaluman gwaje-gwajensa 168 ya nuna cewa sun yi kyau fiye da yadda bayanan mutane na gaske ke iya yi, domin ƙaryar lamba tana da wani irin santsi da gaskiya ba ta da shi. Kwamitin ƙungiyar likitocin fanninsa a Japan ya tabbatar da ƙirƙira a maƙaloli fiye da 170. A 1998 mujallar The Lancet, ɗaya daga cikin mafi daraja a duniya, ta buga maƙalar Andrew Wakefield a kan yara 12 kacal, wadda ta jefa zargin cewa rigakafin ƙyanda na da alaƙa da larurar galahanga. Sai a 2010 aka janye ta, aka kuma soke lasisinsa na likita. Shekara 12 ƙarya tana yawo da hatimin mujalla, iyaye suna ƙin kai 'ya'yansu rigakafi, kuma har gobe akwai masu tura ta a WhatsApp. A 2020, cikin annobar korona, mujallar nan dai ta buga wani bincike da ya ce ya tattara bayanan majinyata kusan 96,000 daga asibitoci 671 a nahiyoyi shida. Hukumar Lafiya ta Duniya har ta dakatar da wani sashe na gwajinta na magungunan korona saboda shi. Cikin mako biyu aka janye maƙalar, domin kamfanin da ya ce yana da bayanan ya ƙi bari a duba su.

Sai kuma kasuwar da ta tashi a kan matsin da malamai ke ciki. Duk mai adireshin imel na jami'a ya san saƙonnin nan da ke shigowa da tsakar dare, suna kiran ka babban farfesa ko da jiya ka fara aiki, suna alkawarin buga maƙalarka cikin kwana uku in ka biya dala 100 ko 150. Wani ma'aikacin ɗakin karatu a Jami'ar Kolorado ta Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tara sunayen irin waɗannan mujallu kafin ya rufe jerin a farkon 2017. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya rubuta maƙalar bogi kan wani maganin ciwon daji, ya cika ta da kurakuran da ɗalibin shekarar farko zai gani, ya ƙirƙiri sunayen marubuta da cibiyoyi masu kama da na Afirka, ya tura wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. A 2019 wata kotu a Amurka ta ci kamfanin buga mujallu na OMICS da ke Indiya tarar dala miliyan 50 saboda yaudarar marubuta da sunan bitar da ba a yi. Malamin da ya tura albashinsa na wata ga irin waɗannan ya yi asara biyu: kuɗinsa sun tafi, aikinsa kuma, in ma mai kyau ne, ya shiga kwandon da babu mai mutunta abin da ke ciki.

A nan sai na ja birki, domin akwai wani kuskure da ke yaɗuwa, cewa duk mujallar da ba ta cikin Scopus, wani babban rumbun da ke tantance mujallun duniya yana jera su, ta bogi ce, duk wadda ke ciki kuma ta tsarkaka. Kamfanin Wiley ya sayi kamfanin buga mujallu na Hindawi a 2021, mai mujallu da ke cikin manyan rumbunan duniya, amma a 2023 kaɗai sai da aka janye maƙaloli sama da 8,000 daga cikinsu. Masana'antun ƙera maƙala ne suka kutsa, waɗanda ke rubuta takardun ƙarya da yawa su sayar da gurbin suna, na farko da tsada, na biyar da araha. A shekarar an janye maƙaloli fiye da 10,000 a duniya, adadin da ba a taɓa gani ba. A ɗaya ɓangaren, Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da mujallu irin su Degel da Dundaye da mujallar likitocin dabbobi, asibitin koyarwa kuma yana da Sahel Medical Journal. Wanda ya yi nazarin waƙoƙin Nana Asma'u ko karin harshen Sakkwatanci ko cutar da ke kama jar akuyarmu, ina ya fi dacewa ya kai aikinsa in ba inda masu fahimtarsa suke ba? Ma'aunin mujalla shi ne ko ana bita ta gaskiya, ko an san editocinta da inda suke, ko ta bayyana kuɗinta a fili, ko tana iya cewa babban mutum "a'a".

Wannan na ƙarshen shi ne inda mujallun gida ke shan wuya. Edita a gari kamar namu yana sallar Juma'a da marubutansa, surukinsa ne ko malaminsa ko wanda zai zauna a kwamitin ƙarin girmansa. Fagen ƙarami ne, ko an cire suna daga maƙala mai bita yana gane mai ita daga sakin layi na farko. Ga littattafan karrama manyan malamai, al'ada mai kyau a asalinta, amma wasu sun koma wurin zuba duk abin da aka kawo muddin an biya kuɗin shafi. Editan da ke son ya tsira yakan tura maƙalar abokinsa ga masu bita a Zariya ko Maiduguri ko Yamai, ya kuma cire hannunsa gaba ɗaya daga duk takardar da sunansa ke kai. Ƙungiyar COPE mai kula da ɗa'ar buga bincike, wadda wasu editoci suka kafa a Birtaniya a 1997, tana da jadawalin matakan da edita zai bi in ya yi zargin sata ko ƙirƙira ko rigimar suna, kyauta a shafinta. Amfaninsa ga editanmu shi ne ya sami abin fakewa: "Ranka ya daɗe, ba ni na ce ba, ƙa'ida ce."

Akwai haƙƙin waɗanda aka yi binciken a kansu, kuma Arewa ta san wannan da jininta. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna an rubuta ta ne bayan gwajin aka mayar da kwanan wata baya, iyaye kuma suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka zo ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Yanzu ƙasar tana da kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa da kundin ƙa'idojinsa na 2007, kuma mujalla ta gari ba ta karɓar bincike a kan mutane sai da lambar amincewar kwamiti. Ina tuna wannan duk lokacin da na ga hoton fuskar yaro a maƙala. A Sakkwato muke da asibitin yara masu cutar noma, mai cin naman fuska, cutar da sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Bincike a kanta wajibi ne. Amma uwar da ta zo daga ƙauye ta dangwala yatsa a takardar Turanci, ta san hoton ɗanta zai zauna a intanet har ya girma ya yi aure? In ba a yi mata bayani da Hausa ko Fulfulde ko Zabarmanci ba, aka kuma tabbatar mata ko ta ƙi za a yi wa ɗanta magani, dangwalen nan tawada ce kawai.

Ba duk janye maƙala ne abin kunya ba. Mutum na iya gano ya yi kuskure a lissafi, ya rubuta wa edita da kansa a gyara ko a janye, kuma wannan ƙarin daraja ne. Imamu Shafi'i yana da tsohon ƙauli da sabo, babu wanda ya raina shi don ya sauya. Shafin Retraction Watch, da aka buɗe a 2010, yana tara maƙalolin da aka janye da dalilan janyewar, kuma tun 2023 rumbunsa a buɗe yake ga kowa. Minti biyu ne ɗalibi ya duba ko abin da zai kafa hujja da shi yana nan da ransa.

Sabon baƙo shi ne manhajoji irin su ChatGPT. COPE ta fitar da matsaya a 2023 cewa manhaja ba ta zama marubuciya, tunda ba za ta amsa tambaya ba in an sami matsala, kuma wanda ya yi amfani da ita ya bayyana. Abin da na fi gani a takardun ɗalibai shi ne manazarta da ba su wanzu: sunan malami na gaske, sunan mujalla ta gaske, shekara da shafi tsaf, amma maƙalar ba a taɓa rubuta ta ba. Hadisin ƙarya da isnadi mai kyau.

Duk wannan yana komawa ga abin da kwamitin ƙarin girma ke ƙirgawa. Muddin tambayar ita ce "nawa ka buga", malami mai ɗalibai 400 a aji, da albashin da ba ya kai ƙarshen wata, da ɗakin gwajin da babu wuta, zai nemi gajerar hanya. Zai yayyanka bincike ɗaya kamar tsire ya fitar da maƙala huɗu, zai shiga adashen suna. Sanarwar DORA da masana suka tsara a San Faransisko a 2012 ta nemi a riƙa auna abin da ke cikin aiki maimakon sunan mujallar da ya fito. A aikace abin ba shi da tsada: a ce mai neman girma ya zaɓi maƙaloli biyar da ya fi alfahari da su, ya rubuta abin da shi da kansa ya yi a kowace, ya zauna gaban masana ya kare su. A ce duk wanda asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya ba kuɗin bincike ya ajiye ainihin takardun tambayoyinsa da littafin ɗakin gwajinsa inda za a iya neman su. Mai sunan aro ba zai wuce tambaya ta biyu ba.

Abokin nawa kuwa, na ce masa, "Malam, suna haka kawai ba zan iya ba. Amma ga bayanan nan, nazarin alƙaluman bai kammala ba, kuma ka fi ni hannu a lissafi. Ka ɗauka ka yi, ka gyara rubutun, sai sunanka ya hau da haƙƙinsa." Ya karɓi fayil ɗin, ya ce zai duba in Allah ya so. Bai dawo da shi ba. Ya yi wajen wata uku in mun haɗu a masallaci gaisuwar daga nesa ce. Da jerin ƙarin girma ya fito a ƙarshen shekara sunansa na ciki, ya sami takardunsa biyu a wani wuri. Na je har gida na yi masa murna, aka kawo mana fura. Tawa maƙalar masu bita sun dawo da ita da gyara shafi huɗu, yawancinsa a kan lissafin nan da na so ya duba mini.